Tarin Malam Kunkuru

Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne.

Ta iso, muna ji.

Ranar Lahadin godiyar kaka a coci, uku ga Nuwamba, Akuya ta cinye shafi biyu na littafin waƙoƙin Malam Kunkuru, tsohon malamin makaranta. Ta lashe baki, ta manta.

Shi kuwa bai manta ba. Ba ya yi wa Allah ƙarya, don haka duk Lahadi in an zo wurin yafe wa juna cikin Addu'ar Ubangiji, sai ya kama tari har a wuce.

Bayan mako bakwai Akuya ta je gidansa da zuma da citta.

"Baba, tarin nan naka ya hana ni sukuni. Sha wannan."

"Lafiyata ƙalau. Saboda ke nake yin sa. Kin ci mini littafi."

Akuya ta sunkuyar da kai. "Ashe naka ne? Ka yi haƙuri, Baba."

Kunkuru ya daɗe yana duban zumar.

"Na yafe, 'yata. Amma ranar Lahadi ki tashi gaban ikilisiya ki maimaita, da ƙarfi, na baya su ji."

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare.