Aron da Tabawa ta ci wa bakin mutane

Dalilin da ya sa koko ke tsinkewa idan an mai da ludayin da aka lasa cikin ƙwarya, ba kowa ya san shi ba. Ku tambayi malamanku na boko, za su ce wani sinadari ne a cikin yawu mai narka abinci. To wa ya zuba shi a bakin? Nan za su fara sosa ƙeya. Ku matso ku ji a wurin wanda ya sani.

A zamanin farko bakin mutum a bushe yake ƙamas. In ya haɗiyi tuwo, haka zai sauka ya zauna masa a ciki kamar curin laka. Mai ƙarfi ya yi ta birgima har abin ya wuce. Marar ƙarfi kuwa yunwa ke kashe shi, a binne shi da ciki cike.

Haka Tabawa ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, saura auta Lantana. Ita ma ga ta kwance, ciki kamar dutsen niƙa, ƙafafu kamar sillen kara.

Wata safiya Tabawa ta ga gara ta kama ginshiƙin rumbu, tana jiƙa itacen da yawu, yana narkewa kamar fura a nono. Ta bi sawunta har gindin suri, ta durƙusa.

"Gafara dai, uwar ɗakina."

Uwar gara ta leƙo ta ce, "Oho! Ke da ke sheƙa mana ruwan zafi, yau ni ce uwar ɗaki?"

"'Yata za ta mutu. Ki sam mini abin bakin nan naki."

"Aro nake bayarwa, ba kyauta ba. Duk wanda ya ɗanɗana, ranar da ya kwanta dama zan zo in karɓi kayana, in haɗa da jikinsa. Ke kuwa da kika zo roƙo, ba za ki ga kaka ba."

Tabawa ta tuna ƙafafun Lantana. Ta buɗe baki, uwar gara ta ɗiga mata.

Da ta koma gida ta dama koko mai kauri. Ta kurɓa da ludayi, ta juya shi a baki har ta ji ya saki ya yi zaƙi, sannan ta ɗura wa yarinyar. Can sai cikin Lantana ya yi ƙugi. Tabawa ta danna shi, ta ji ya yi laushi. Yarinya ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙara mini."

Guɗar Tabawa ta tara maƙwabta. Mijinta Ɓarau ya shigo yana huci.

"Wace irin ƙazanta ce wannan? Abin da kika tauna kike ba 'yata?"

Ya fizge ludayin ya jefa cikin ƙwarya. Kafin a ce kwabo, kokon da ludayi ke tsayawa a cikinsa ya koma ruwa tsululu. Wata tsohuwa ta tsoma yatsa ta lasa ta ce, "Kai jama'a, zaƙi!"

Tabawa ta yi ihu, "Kada ku sha! Na aro ne, da sharaɗi!"

Wa ke sauraron ta? Ƙwarya ta zaga hannu zuwa hannu, Ɓarau ma ya kafa kai ya shanye sauran. Ran nan kowa ya ji cikinsa ya sauka, aka yi ta kiɗa. Tabawa kaɗai ke zaune rungume da 'yarta, tana kallon mutanen da suka shiga ciniki ba su ji farashi ba.

Gero bai fid da kai ba aka kai Tabawa makwanci. Da Lantana ta je ziyara, ta tarar jan suri ya taso a kan kabarin.

Shi ya sa har yau yawu ke narka mana tuwo, koko ke tsinkewa da ludayin da aka lasa, gara kuma ba ta barin kabari. Don haka in ƙanshin miya ya tsinko muku da yawu, ku haɗiye a hankali. Mai kayan tana ƙarƙashin tabarmar nan da kuke zaune, ba ta kuma taɓa manta wanda ta ba aro ba.