Kurege da Manhajar Shara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

Wata shekara gyaɗa ta ƙi, yunwa ta kama Kurege. Yana yawo sai ya tsinci waya a bakin kasuwa. Ya juya ta, ya juya ta, ya ce, "Yauwa, na huta da tono." Ya buɗe manhaja, ya sa mata suna Share Mini. Duk mai son a share masa gida ya danna, Kurege ya tura masa mai shara. Shi kuwa yana kwance a inuwa yana karɓar lada: tafin gyaɗa daga mai gida, tafin gyaɗa daga mai aiki.

Saniya ta danna, ya tura mata Balbela. Balbela ta share garke fes, har ta cire mata kaska. Saniya ta ce, "Ƙawata, gobe ki zo kawai. Me zai sa mu bi ta wajen Kurege?" Suka ƙulla abinsu. Kurege ya jira, ya jira, shiru.

Kyankyaso ya danna, ya tura masa Kaza. Kaza ta share ɗaki, ta share tsakar gida, ta haɗa da surukan mai gida ta haɗiye. Labari ya bazu, kowa ya ce manhajar Kurege ba amana. Waya ta daina kuka, cikin Kurege ya karɓa.

Ana nan sai Kura ta danna. Ta aiko da buhun gyaɗa tun kafin aiki, ta ce, "A turo mini mai shara, amma mai ƙiba." Kurege ya gane zancen sarai, amma yunwa ba ta bar shi ba. Ya zauna ya cinye buhun tas, sannan ya shiga neman ma'aikaci.

"Akuya, ga aiki."

"Gidan wa?"

"Gidan Hajiya Kura."

"Ina da goyo."

"Rago, ga aiki."

"Gidan wa?"

"Gidan Hajiya Kura."

"Ƙafata ke ciwo."

Kurege, bawan Allah, ba yadda ya iya. Ya karkaɗe wutsiyarsa, ita ce tsintsiya, ya tafi da kansa. Yana shiga, Kura ta mayar da ƙofa garam. Ta shafa tumbinsa, ta ce, "Kai ne mai ƙibar? To ba laifi, gyaɗata ta yi amfani."

Kurege ya ce, "Haba, ranki ya daɗe! Ni duba gida kawai na zo. Rago ne mai aikinki, yana hanya, sai dai ya ɓata. Zan kira shi, ga shi ɗakinki ba sabis."

"Rago? Babba?"

"Da ƙyar yake tafiya don kitse. Ungo wayar, ke ce doguwa. Hau surin can ki ɗaga ta sama, kada ki sauke sai ta yi ƙara."

Kura ta buɗe ƙofa da gudu, ta hau suri, ta ɗaga waya, miyau na zuba. Kurege ya yi wuf ya faɗa rami, bai tsaya ba sai gida. Ba waya, ba manhaja, amma ga fatarsa a jikinsa. Ya zauna ya yi ajiyar zuciya, ya dubi faratansa, ya ce, "To, ku tashi, mu koma tono."

Kura kuwa, da rana ta faɗi an bar ta can tana tambayar masu wucewa, "Don Allah, ba ku ga wani rago da tsintsiya ba?"

Ƙurunƙus kan tsohuwar tsintsiya! Wanda zai haɗa mai gida da mai shara, ya fara tambaya wa ke cin wa.