Manhajar Malam Jatau a Ƙofar Rumbu

An ce wai a Zariya an yi wata ƙungiya ta masu haɗa babbar manhaja, wadda kwamfuta ke tashi da ita, suna raba ta kyauta ga makarantu da asibitoci. Suna da wurin ajiya da suke kira rumbu, kuma duk manhajar da ta shiga rumbun, ƙungiya ta ɗauki alkawarin gyaranta duk ranar da ta lalace. Mai tsaron wannan ƙofa shi ne Malam Haladu, dattijo mai sanyin magana, wanda kafin ya ce "to" sai mai jira ya gaji.

Ana nan sai taubashinsa Malam Jatau ya kawo manhajar da ya shekara da shekaru yana rubutawa shi kaɗai. Aikinta ta karanta wa makafi rubutun kwamfuta da Hausa, da murya mai daɗi. Aka gwada ta ciki da bai, ba a sami aibu ba. Jama'a suka ce a buɗe mata ƙofa.

Haladu ya rasa barci. Ya duba cikinta ya ga aiki ne na gwani, amma babu bayani ko na layi ɗaya, duk sirrinta yana kan Jatau. Ga shi kuma ya lura taubashin nasa ya fara gaishe da mutane da sunan da ba nasu ba, sai sun yi magana ya gyara. In ya ƙi ta, a ce ƙyashi ne, makafi kuma su rasa. In ya karɓa, ya ɗora wa ƙungiya alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Tausayin Jatau ya cika masa zuciya.

Ranar hukunci ya tara mutane ya ce, "Na ɓata abu guda a cikin manhajar da gangan, muryarta ta ɗauke. Jatau zai zauna ya sha shayi, ba magana, ba nuni. In waninku ya gyara kafin la'asar, ta shiga."

Jatau ya yi dariya. "Kai dai tun muna yara ɓarna ce sana'arka, Haladu."

Malama Kubura, wadda ta fi kowa iya gyara a ƙungiyar, ta zauna da abokan aikinta. Suka yi ta lalube har aka kira sallar la'asar, muryar ba ta dawo ba. Jatau kuwa sai mutsu-mutsu yake a kujera kamar mai zaune a kan ƙaya. Da haƙurinsa ya ƙare ya ce, "Ku matsa, abin ba ya cin minti biyu!"

Ya zauna, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya goge tabarau, ya sake matsowa. Nan kowa ya gane ba ya ganin rubutun.

Haladu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwana, ba mu taru don mu kunyata ka ba. Manhajarka ba ta da aibu, sai dai ba ta da kowa sai kai. Ga hukuncina: ban kore ta ba, ban kuma shigar da ita ba. Daga yau hannunka ba zai sake taɓa ta ba. Kai ka faɗa da baki, su Kubura su rubuta da hannu, duk abin da suka tambaya ka amsa, ko da tambayar ta ba ka haushi."

Jatau ya share ido ya ce, "Wato ka ɗaure ni ke nan, mugun taubashi."

Haka aka yi damina guda, yana faɗa yana mita, suna rubutawa suna dariya. Da kaka Haladu ya sake ɓata ta, Kubura ta gyara ta tun shayin Jatau bai huce ba. Aka buɗe mata rumbu.

Bayan 'yan shekaru idon Jatau ya rufe gaba ɗaya. Sai aka sabunta babbar manhaja, muryar ta ɗauke a ko'ina, har da kwamfutarsa. Ya wuni cikin shiru, ba abin da zai iya. Kafin magariba su Kubura suka aika gyara, muryar ta dawo, kuma abu na farko da ta karanta masa saƙon Haladu ne: "Kana ji na, tsoho?"

Jatau ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ina jin ka, maɓarnaci. Allah ya saka maka."

Shi ya sa masu wannan aiki ke cewa, abin da mutum ɗaya kaɗai ya iya gyarawa, kwanansa kwanan mutumin ne. Mai son aikinsa ya rayu, ya sa shi a hannun wasu tun yana gani.