Lurwanu Sarkin Shara

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, Lurwanu, mai rubuta manhaja. Aikin kamfaninsu abin riƙe baki ne, jama'a. Kwamfuta ce a cikin kwamfuta, tana tsaka da aiki a ɗauke ta daga wannan babbar na'ura a sauke ta a waccan, mai ita bai ma san an yi ƙaura da shi ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam wannan!

To ku saurara. Kafin a sauke ta, dole a share mata gurbi a ƙwaƙwalwar na'urar, kamar ɗakin haya. In ba a share ba, sabon shiga zai tarar da asirin wanda ya tashi.

Lurwanu ba ya aikin da ake tafa wa, shi dai gyara da kwashe tarkace. Abokin aikinsa Mudi ya laƙaba masa Sarkin Shara, ofis kuwa ya ɗauka.

Wata rana Lurwanu ya ga umarni ɗaya na cikin manhajar an kwafe shi wuri uku. Biyu suna sharar, na ukun ba ya yi. Na wa ne? Na Mudi! Ga shi shugabarsu, Hajiya Asabe, ta sha faɗa cewa mai sakaci da asirin mutane sai ya kama gabansa.

Zuciyar Lurwanu ta ce, "Yau ga ranarka." Amma bai biye mata ba. Sai ya haɗe ukun wuri guda, ya sa sharar a farko yadda ba mai sake mantawa, ya tafi wurin Hajiya.

"Ranki ya daɗe, akwai ɓaraka, na toshe. A duba ko wani ya cutu."

"Aikin wa?"

"Daga nawa aka kwafa. Da na ajiye shi wuri ɗaya tun farko, da ba a kwafa ba, balle a manta. Ki fara da ni."

Bai yi ƙarya ba, jama'a. Aka duba, Allah Ya tsare, ba wanda ya cutu. Hajiya ta san mai laifin, don na'ura tana ajiye sunan kowa, amma ta ce, "Na ji. Ku koma aiki."

Da Lurwanu ya dawo, Mudi da ya riga ya ji labari ya miƙe tsaye, idonsa ya ciko. "Sarkin Shara," ya ce. Ba wanda ya yi dariya.

'Yan'uwa, ku gyara ɓarna, ku rufa wa mai ita asiri. Mu ma za a ɗauke mu muna tsaka da aiki, ba sallama. Ranar nan kowa zai so a rufa nasa. To wa ka rufa wa?