Manomin da Ya Zuba Ruwa Sau Ɗaya

A wani gari akwai wani manomin lambu, mai ƙiba da fara'a, wanda aka yi wa baiwar minshari. In ya kwanta, maƙwabta sukan ɗauka an tayar da injin niƙa. Har an ce wata mata ta taɓa zuwa ƙofar gidansa da kwanon dawa a ka. Ban gani da idona ba, amma wadda ta ba ni labarin ba ta cika ƙari ba.

Ba ƙarar ce abin tsoron ba. Yana cikin yi sai numfashinsa ya tsaya cik, sai matarsa Tabita ta zungure shi, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Gari ya waye ya tashi a gajiye, ya wuni yana hamma.

Ga shi kuwa, shi ne mai tsaron ƙofar majami'a. Aikinsa ya riƙa zagawa da dogon kara, duk wanda ya ga yana gyangyaɗi lokacin wa'azi ya taɓa masa kafaɗa. Yana son aikin nan kamar ransa.

Da aka kai shi asibiti, likita ya ce, "Maƙogwaronka ne yake rufewa in ka yi barci." Aka haɗa shi da wata na'ura mai tura iska ta tiyo zuwa hanci, don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. A jikinta akwai ɗan tanki. Likita ya ce, "Kowace yamma ka wanke shi, ka zuba sabon ruwa mai tsabta, don iskar ta zo da laima."

Ranar farko mutumin ya tara maƙwabta, ya cika tankin a gabansu, aka yi addu'a, ya kafa doka kada kowa ya taɓa masa inji. Daga nan bai ƙara waiwayar tankin ba. A zuciyarsa ya ce, "Ai na zuba."

Ruwan ya ƙafe. Ya fara tashi da hanci yana masa raɗaɗi, maƙogwaro a bushe kamar tsohon kirgi. Ya ce, "An ɗaura mini takunkumi sai ka ce jaki, yanzu kuma ana so a busar da ni kamar kuɓewa!" Ya ɗora na'urar a kan kabad, ya lulluɓe ta da kyakkyawan kyalle. In baƙi sun zo yakan ɗaga ya nuna musu.

Sai ya zama wata Lahadi, Fasto yana tsakiyar wa'azi, aka ji injin niƙa ya tashi a bakin ƙofa. Mai tsaron ƙofa ne, a tsaye, ya jingina da bango, baki a buɗe. Gwaggo Rahila, tsohuwar da ya fi damunta da karan nan, ta tashi a hankali, ta zare shi daga hannunsa, ta taɓa masa kafaɗa.

"Ɗana, tashi, ana wa'azi."

Ya zabura ya ce, "Amin!"

Bayan an tashi, dattawan ikilisiya suka ce masa, "In ya sake faruwa, karan ya koma hannun Gwaggo."

Da yamma ya tafi lambu yana ɓacin rai, ya ɗauki guga zai ba tattasansa ruwa. Sai ga Tabita. Ta karya doka, ta duba na'urar, ga busasshen tankin a hannunta.

Ta ce, "Baban Markus, ajiye gugan nan. Ai ka ba su ruwa."

"Yaushe?"

"Ranar da ka dasa su. Har addu'a ka yi."

"Haba Maman Markus, so kike su mutu? Ina aka taɓa ba shuka ruwa sau ɗaya?"

Sai ta miƙa masa tankin. Ya duba ciki, ya duba tattasai, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Dā ma yau nake shirin cikawa."

Ba a dare ɗaya ya saba ba. Da rana yakan ɗaura takunkumin yana sauraron rediyo, har akuyarsa ta daina gudu in ta gan shi. Ya koma asibiti aka daidaita masa maɗaurin. Kowace yamma, in ya gama da lambu, sai ya cika tanki. Gidan ya yi tsit, har maƙwabta suka zo tambaya ko lafiya. Karan kuwa yana hannunsa har yau, sai dai in ya zo kan Gwaggo Rahila yakan wuce kamar bai gani ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Iskar nan mai turowa ita ce Maganar Allah. Da farko takan matsa mana, muna ji kamar an ɗaura mana takunkumi, alhali hanyar rai take buɗewa. Ruwan tankin kuwa addu'a ce ta kowace rana. In babu ita, Maganar takan zo mana a bushe, sai mu ce ita ce da laifi, mu ɗora Littafi a kan kabad, mu lulluɓe, muna nuna wa baƙi.

Akwai masu cewa, "Ai an yi mini baftisma, har shinkafa aka dafa." Madalla, ka zuba. Amma yaushe rabonka da leƙa tankin?

Kai kuma da ka iya gano masu gyangyaɗi a ikilisiya, tun ɗazu kana kallon na kusa da kai kana cewa da shi ake, riƙe karanka da kyau. Gwaggo Rahila tana zaune a bayanka, idonta biyu.