Kayan Baƙon da Ya Rasu a Tsamiya

An yi wani mutum a Tsamiya, can bakin iyakarmu da Benin, cikin 'yan shekarun nan. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya, su kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Yana da gida kusa da kasuwa, da ɗakuna a zaure inda fatake da 'yan ci-rani ke kwana kafin su tsallaka. A sahun gaba yake salla. Mai masauki ake ce masa.

Wata rana a farkon damina, ana yayyafi, ɗan kabu-kabu ya sauke masa baƙo da jaka ɗaya da sabon injin ban-ruwa a kwalinsa. Hausar baƙon ba ta nuna ba, Dandanci ya fi yi. Ya ce gobe zai tsallaka gida. Jikinsa na rawa da zazzaɓi. Mai masauki ya ba shi tabarma ya tafi harkarsa. Da gari ya waye ya leƙa ɗakin, ya tarar rai ya yi halinsa.

Ya 'yan uwa, me Musulmi zai yi a nan? Ba fita zai yi ya kira jama'a ba? Wannan kuwa idonsa a kan injin ya sauka. Ya tura ƙofa, ya ja kwalin zuwa ɗakin ajiyarsa, ya jibga buhunan shinkafa a kai. Sannan ya dawo ya zauna gefen gawar da ko ido bai rufe mata ba, ya zuge jaka.

Ya ga turmin atamfa ko naɗinsa ba a warware ba. Ya ga kwalbar maganin ido. Ya ga takalman yara, babba da ƙarami da ɗan mitsitsi, kowanne da tsinken tsumma a cikinsa, irin wanda uwa ke yaga daga tsohon zane ta auna ƙafar ɗanta, ta ba mai tafiya. Ya ga tasbaha da ta sha hannu har ta yi santsi. Duk wanda ya ga waɗannan ya san akwai gidan da ake share tsakarsa ana jiran mutumin nan.

Yana cikin juya kayan sai ƙaramar waya ta yi ƙara a aljihun mamacin. Ya ɗauka ya kanga a kunne. Muryar mace ta ce, "Bunyaminu? Ka kusa?" A bayanta wani yaro na kiran Baba. Ya ji da kunnensa. Ya kashe wayar, ya cire layin, ya jefa a masai.

Daga nan ya nufi wajen liman da fuskar tausayi. Ya ce, "Baƙo ya rasu wurina, Malam. Ba shi da komi sai rigar jikinai." Mai masaukin da kansa ya sayi likkafani, jama'a na sa masa albarka. Da salla ta zo ya ba matarsa Barira atamfar, ya raba wa 'ya'yansa takalman. Da rani injin ya shiga fadamarsa, albasa ta yi kyau, ana cewa Allah ya buɗa masa.

Wane buɗi? A can ƙetaren iyaka akwai macen da ba ta san ko matar aure ce ita ko mijinta ya rasu ba. Akwai tsohuwar da idonta ke rufewa, kullum tana tambaya ko ɗanta ya iso da magani. Akwai marayun da ba wanda ya san marayu ne, balle a tausaya musu.

Matar nan, Asama'u, ba ta zauna ba. Ta goya ƙaramin ɗanta, ta ɗauki hoton mijinta, ta bi tasha-tasha da kasuwa-kasuwa, daga Dole Kaina har Bagudo. Bayan shekara ta zagayo, ƙafarta ta kawo ta zauren mai masauki. Ta durƙusa ta miƙa hoton.

"Malam, don Allah ka taɓa ganin wanga mutum? In ma ya rasu ne a faɗa min, in san matsayina."

Ya kalli fuskar da shi ya sa ta a kabari. Ya ce, "Wallahi ban taɓa ganinai ba."

Ya haɗa da sunan Allah, jama'a. Ya dubi mace da goyo, ƙafarta duk faso, ya rantse.

Barira ce ta ji tausayinta ta shigo da ita cikin gida ta sha ruwa. Mata suka zauna, hira ta yi tsawo. Asama'u ta ce a maganarsu ta ƙarshe mijinta ya gaya mata ya sayi injin ban-ruwa da gumin ci-raninsa, ya saya mata atamfa, ya kuma sami takalma daidai da tsummokin da ta auna masa. Barira ta tuna tsinken zanen da ta ciro daga takalmin 'yarta ranar salla, ta yi mamakinsa ta yar. Ta tuna ranar da inji ya ɓullo daga ƙarƙashin buhuna.

Ta tashi ta ɗauko atamfar, ta fita zaure, ta jefa wa mijinta a cinya.

"Kayan gawa ka ba ni na ɗaura na je Idi? Ɗiyana suka taka ƙasa da takalman marayu?"

Ita da kanta ta kama hannun Asama'u har gaban mai gari. Aka nemo ɗan kabu-kabun, ya ce ya tuna baƙon, ya tuna kwalin.

Nan gari ya juya. Mutane suka ce wanda ya ɓoye inji, ya halaka waya, me kuma ya ɓoye? Wa ya ga baƙon nan da ciwo in ba shi ba? Aka ce kashe shi ya yi. Ya rantse bai kashe ba, kuma gaskiya ya faɗa a wannan karon. To amma wa zai karɓi rantsuwa daga bakin da ya rantse jiya? Hukuma ta tafi da shi. Yana tsare fadamar ta salwanta a hidimar shari'a, Barira ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu a Kurgu. Da ba a sami shaidar kisa ba aka sake shi, amma gari bai sake shi ba. Yau awaki ke kwana a ɗakunan baƙinsa. In ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya gyara aljihu.

Asama'u kuwa daga nesa aka nuna mata kabarin. A ranar ta yi kukan da ya kamata ta yi tun bara. Tsohuwar ba ta ji labarin ba, ta riga ta rasu tana jira.

Ya 'yan uwa, mamaci ba ya iya riƙe jakarsa, shi ya sa take amana a wuyan wanda ya tsinta. Ku masu masauki, ku direbobi, ku masu jirgin ruwa, ku da baƙi ke faɗuwa a hannunku: kayan da kuka gani suna da magada, ko ba ku san yarensu ba. Kuma ku sani, labarin mutuwar mutum ma haƙƙin iyalinsa ne. Wanda ya danne shi ya zalunci rayayyu fiye da yadda ya zalunci matacce. Abin da ya sami mai masaukin nan na duniya ne kawai. Bunyaminu bai yi magana ba tukuna, kuma akwai ranar da zai yi.

Allah ya tsare hannuwanmu daga kayan da ba namu ba, ya tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya. Allah ya kiyaye mu. Amin.