Giwar da Ta Gaji da Gwaggonni

An yi wani hakimi, Buwai, wanda ya daɗe bai samu haihuwa ba. Da Allah ya ba shi ɗa, gwaggonni da kakanni suka cika gida, ko ɗaukar yaron ba sa barinsa ya yi. Ya fusata, ya ce da dogari ya sallame su duka.

Wata tsohuwar balbela mai bin shanunsa ta ce, "Ranka ya daɗe, haka Tsigai ta yi."

"Wace ce Tsigai?"

Balbela ta ce, "Wata giwa ce da na yi ƙuruciya a gadon bayanta. Ta ɗauki ciki kusan shekara biyu. Tana haihuwa matan garke suka kewaye jaririn, wannan ta tayar da shi, waccan ta watsa masa ƙasa. Tsigai ta ce, 'Ni da cikin, ku da ɗan?' Ta ja abinta ta bar garke.

"Shi kuwa jaririn bai san amfanin dogon hancinsa ba. Ya taka shi, ya ji zafi, ya zaci maciji ne, ya zura da gudu, sai cikin taɓo. Tsigai ta ja shi ta gaba, babu mai turo shi ta baya.

"Wani kunkuru da ke gefe ya ce, 'Ina danginki?' Ta ce ta gaji da su. Ya ce, 'To saurari nawa labarin. Uwata ta binne ƙwai ta tafi, na tashi ba mai gaya mini komai. Da na isa aure na ga wata kyakkyawa a bakin rafi. Damina guda ina zuwa zance, ba ta taɓa amsawa ba, ina yaba kunyarta. Ashe kifaffen ƙoƙo ne. Wanda ya rasa gwaggo, ƙoƙo zai aura.'

"Tsigai ta kurma ihu. Ashe gwaggonnin na bayan itatuwa suna biye da ita. Suka taru suka ciro jaririn. Hannu ɗaya, ranka ya daɗe, ba ya ɗaukar jinka, ko da na giwa ne."

Hakimi ya yi dariya ya ce, "Na ji. Dogari, ce su zauna."

Dogari ya duƙa. "Ai ba wadda ta motsa, ranka ya daɗe. Gwaggo Tabawa ta ce ba ta barin jariri a hannun wanda ita ta koya wa fyace majina."